Ƙullin Shinkafar da Na Rena Wata Huɗu

Assalamu alaikum. Wata takwas rabona da rubutu a nan. Masu tambaya ko fushi na yi, ba fushi ba ne, kwance nake.

Da ɗan tsami a ƙugu abin ya fara, na ce gajiya ce. Tun da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja nake zaune gaban keken rubutu har na yi ritaya, wane baya ne ba zai yi ƙorafi ba?

Wata safiya na sunkuya ɗaukar buta, sai wani abu ya tsarga min daga ƙugu har tafin ƙafa. A wurin na zube.

Aka tura ni cikin na'urar hoton nan mai kama da rami, tana ƙara ina salati. Kuɗinta ya lashe fanshon wata. Likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙashin baya ne ya zame ya danne jijiya. Aka yi aiki, kwana tara sai an juya ni.

Allah ya gani, ba mutuwa na fi tsoro ba. Autata Zainab tana da cikin fari a Tungan Maje, kuma ni ya kamata in yi wa jaririn wanka, yadda mahaifiyata ta yi wa nawa. Wankan jariri kuwa a kujerar tsuguno ake yin sa, ga ni ko salla a kujerar roba nake yi. Zainab ta ce kada in damu, za a nemo ungozoma. Na yi mata murmushi, tana fita na yi kuka.

Masu dubiya bakinsu ɗaya, in rage ƙiba. Na daina tuwo, na sha shayin ramewa, abin da na samu jiri ne.

Sai asibiti suka haɗa ni da Rahila, mai koyar da motsa jiki, 'yar Ushafa. Na gyara zama zan sha faɗan teɓa. Ko kallon cikina ba ta yi ba.

"Mama, ni ba ni da sikeli," in ji ta. "Me kike so jikin nan ya yi miki?"

Na gaya mata. Washegari ta ƙulle shinkafa mudu biyu, ta naɗe a zanena, ta miƙo min wai ga jikata. Da ita a hannu na koyi tashi, daga bakin gado, zuwa kujerar falo, zuwa tarin matasai, duk mako ana zare ɗaya. Ta kuma mayar min da tuwona, ta ce mai yunwa ba ya ɗaukar jariri. Maigidana Alhaji kuwa kullum ya shigo sai ya tambaya yaushe ne suna.

Makon jiya Zainab ta sauka, mace. Na zauna a kujerar tsuguno, na ɗora yarinyar a ƙafata, na wanke ta tas. Da na gama Zainab ta miƙo hannu za ta kama ni. Kafin ta iso na miƙe da jikata a ƙirji, ban dafa bango ba. Mu biyu muka yi ta hawaye.

Alhamdu lillah. Likitocina, Rahila, da duk wanda ya sa ni a addu'a, Allah ya saka muku.

Mai ciwon baya da ke sauka ƙafa, ki je asibiti, kada ki jira irin tawa ta same ki. Ma'aikatan ofis, ku riƙa tashi daga kujerar nan. Idan za ku fara motsa jiki, ku faɗi aikin da kuke so jiki ya iya, a fara daga nan.

Shinkafar an dafa ta ranar suna. Alhaji har ƙari ya yi, ni na kasa ci.