Anti Rifkatu da sunayen waɗanda ba su dawo ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Anti Rifkatu, kuma har yau idan na kunna kwamfutar ƙaramin asibitinmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, rubutunta nake fara tararwa. 'Yar Kudancin Kaduna ce, amma ta daɗe a Tarauni har Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ta karɓe ni da na gama jami'a, ga digiri a hannu, ga tsoron taɓa komai.

Aikinmu kula da rumbun bayanan marasa lafiya. Bayanan tebur-tebur suke: na sunaye daban, na ranakun zuwa asibiti daban, na magani daban. In kana neman amsa, sai ka rubuta tambayar da za ta haɗa su, manhajar kuma ta zaɓi teburin da za ta fara karantawa. A makaranta da waƙafi na saba jera sunayen teburan. Ranar farko Anti ta leƙo ta ce, “Kabiru, haka kake tara baƙi a zaure ba ka gabatar da kowa ba? Rubuta JOIN, ka faɗi wa ke haɗe da wa.” Na ce ina jin duk hanya ɗaya manhajar za ta bi. Ta ce, “In teburan kaɗan ne, e. In sun yi yawa, gajiya take yi da zaɓe, ta bi jerin da ka ba ta.”

Bana wata tambaya da Anti ta bari a kwamfutar ta yi nauyi, wadda ke fitar da sunayen masu hawan jini don a kira waɗanda suka daina zuwa. Sista Hauwa, babbar nas ɗinmu, har tana cewa, “Malam Kabiru, in dafa shayi ne kafin ta fito?” Na yi kwanaki ina kewaya abin, don ban taɓa gyara aikin Anti ba.

Da na duba, sai na ga wani wuri ta rubuta LEFT JOIN. Iya fahimtata, wannan LEFT ɗin kan ɗaure wa manhajar hannu, ba ta juya teburan yadda ta ga dama. Na goge shi na gwada. Nan take amsa ta fito. Na kusa kai wa Sista, sai halina na sake dubawa ya tsayar da ni. Sunaye sun ragu. Wanda bai zo ba, ba shi da layi a teburin zuwa, JOIN zalla kuwa watsar da shi take yi. Wato waɗanda muke nema su ne suka ɓace.

Na mayar wa Anti da kalmarta ta LEFT, na dawo da ƙaramin teburin masu hawan jini gaba. Saurin bai kai na lokacin da na goge LEFT ba, amma kowa yana nan.

Ban san abin da Anti za ta ce ba a yau, da ake sa manhaja ta rubuta wa mutum tambaya cikin ƙiftawar ido. Wataƙila ta yi dariya ta gwada. Amma ina kyautata zaton kafin ta yaba saurin, sai ta ƙirga mutanen.

Ran Litinin wani dattijo daga Unguwa Uku, cikin waɗanda aka kira, ya zo, yana mitar wa ya ce a dame shi da waya. Maganinsa ya daɗe da ƙarewa. Sista ta auna shi, ta girgiza kai, ta shigar da shi wurin likita ba tare da bin layi ba. Bai san Anti Rifkatu ba, kuma ba zai taɓa saninta ba. Allah Ya saka mata da alheri.