Malam Mani da Akuyar da Ta Yi Rawa a Ruwan Sama

Duk wanda ya san Malam Mani ya san basillar da yake sokewa a gefen hularsa. An ce har wurin ɗaurin aure da ita yake zuwa. Ni ban gani da idona ba, amma ba zan musa ba. Da ita yake ɗinke littattafan labari da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandarenmu, nan ƙasar Faskari, suke rubuta wa ƙannensu na firamare.

Bai taɓa sayen takarda ba. Bayan tsofaffin takardun jarrabawa ne shafi, kwalin taliya ne bango. Satin da na kama aiki, ban daɗe da gama jami'a ba, na ce masa a hankali, "Malam, anya ba za a ce mun raina aikin ba? Ga lissafin wani a bayan shafin."

Ya juya takardar ya duba. "Wanga biyu ya ci cikin goma. Sai yau takardarshi ta yi amfani."

Ba ya ba da maki. Dokarsa ita ce a karanta littafi ga 'yan aji biyu na firamare a gindin bedi, lokacin hutun tara, mai awara tana bakin ƙofa. In suka zauna, littafi ya ci. In suka bi awara, ya faɗi. Wani ɗalibi daga Sabuwa ya buɗe nasa da "Ya ku yara manyan gobe," kafin ya kai ƙarshen shafi tabarma ta zama wayam. Malam ya ce, "Manyan goben sun tafi neman na yau."

Daga baya ya ba ni wata ɗaliba, Murja, in riƙa duba aikinta. Yarinya ce mai kunya, sau biyu tana yaga labarinta, ta kuma gaya mini in wannan ya faɗi ta daina rubutu. Labarin wata akuya ne da ta ɓace a hanyar kasuwar Kankara. Na ji tsoron ya yi salam, sai na ƙara shafi guda: aka kece da ruwa, akuya ta fita tana rawa a ciki. A birni na tashi, in hakan zai zama uzuri.

Malam ya karanta, ya ɗago ya kalle ni. Na ce, "Akwai gyara ne, Malam?"

"Masu gyara na gindin bedi."

Murja ta fara karatu a gindin bedi. Akuya ta gaida jaki, ba wanda ya tanka. Ta tambayi ƙadangare hanya, shiru. Da aka zo rawar ruwa, wata 'yar mitsitsiya ta miƙe. "Ƙarya ce. Tamu ko yayyafi ta ji, zaure take faɗawa." Aka hau musu, rabi suka watse. Idon Murja ya cika.

Na ce, "Malam, ni na ƙara."

"Na sani. Yaro zai yarda akuya ta yi magana, amma ba ya yarda ta so ruwa. Halan jami'ar taku ba akuya?" Ya tsinke zaren, ya cire shafina, ya miƙa wa Murja sauran. "Ke kin san akuya. Rubuta abin da za ta yi."

Ta rubuta cewa akuya ta afka zauren wata tsohuwa, ta cinye zogalen da aka kwaso daga shanya. Satin da za a sake karantawa ciwo ya kwantar da Malam, ni na kai Murja gindin bedi. Ba wanda ya motsa. Da ta gama suka ce a sake.

Na je gidan Malam na gaya masa. Ya ce, "Mai awara fa?"

"Ta zo da kanta, wai mun kashe mata kasuwa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To ka fara zama malami. Amma kada ka ƙara taɓa dabbar kowa."

Bai tashi daga wannan ciwon ba. Muna ci gaba da aikin, ko da yake ba zan ce ɗinkina ya kai nasa ba. Murja tana kan littafinta na huɗu, in ban yi kuskuren ƙirga ba, kuma ba ta nuna mini sai ta gama.

Allah ya jiƙan Malam Mani, ya haskaka makwancinsa. Duk yaron da ya so karatu ta dalilinsa, Allah ya kai masa ladan.