Kwalbar da Na Ɗauko a Argungu

Daga Gesse

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na hau kabu-kabu daga unguwarmu Gesse zuwa tasha, rungume da kula cike da ƙanƙara. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani asibiti a Birnin Kebbi. An ciro tsiro daga maman wata mata, likita kuwa ya ce ba zai zaɓa mata magani ba sai ya san ko wani sinadari mai suna kainas, wanda ke ingiza ƙwayoyin jiki su yi ta girma, ya yi yawa a naman. Abin da ke tona shi wani ruwa ne, antibodi, wanda zafi ke lalatawa. An aiko mana da shi daga Sakkwato, ya kwana a firjin wani abokin aikinmu a Argungu.

Argungu

Kilomita hamsin da 'yan kai ne, shida da kwata muka tashi, bakwai da rabi muka sauka. Kwalbar ruwan ba ta kai ɗan yatsa ba. Na binne ta cikin ƙanƙara, na sa ma'aunin zafi, sannan na biya gaida Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina, don in ta ji na shigo gari ban leƙa ba, na shiga uku. Na ajiye kular a tsakar gida, na shiga duba mijinta.

Hanyar dawowa

Ƙarfe tara da minti goma aka tsayar da mu a shinge.

"Malam, mi ka ɗauko cikin kular ga?" in ji ɗan sanda.

"Kayan asibiti na, ranka shi daɗe."

Ya buɗe. Sai ƙamshin soyayyen kifi ya cika motar. Goggo ce ta naɗe shi da zafinsa a leda ta cusa, don a wurinta aikin kula shi ne hana abinci hucewa. Fasinjoji suka kwashe da dariya, ni kuwa na yi maza na duba kwalbar. Rabin ƙanƙarar ta narke, ma'auni na nuna bakwai, takwas ce iyaka. Na miƙa wa direba kifin.

"Don Allah taka motar ga, ran mutum na ciki."

Ya taka kuwa.

Birnin Kebbi

Goma saura kwata kwalbar ta shiga firji. Washegari na ɗiga ruwan a kan naman matar, na jira, na leƙa madubin gwaji mai ƙara girman abu. Launin ƙasa-ƙasa ya fito tar. Na yi tsalle na ce, "Alhamdu lillahi, bai lalace ba!" Sai na hango mijin matar a kan benci, ya ji ni, ya miƙe yana murmushi. Nan na tuna ma'anar launin: ciwon mai saurin yaɗuwa ne.

Likita ya ce akwai maganin da za a gwada. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, amma ranar ta ƙofar baya na fita, don kada mu haɗu da mijin.