Irin dawar da Baba ya bari

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau wata takarda ta kusa sa mu ɓarnatar da irin Baba, Allah ya jiƙansa.

Ɗan buhun irin dawar nan ne da ya kawo daga kwas a Brazil. Bayanin jikinsa da Fotugis yake. Na kai wa wani malamin gona a Kwalkwalawa, ya mayar min da shi Turanci a takarda. Wai a shuka a Oktoba, a girbe a Fabrairu.

Ina karantawa a gida, Yaya Sani ya ce, "To, Oktoba za mu shuka."

Na ce, "Da wane ruwan, Yaya? Malamin ya ce daminar Brazil ce raninmu."

Ya ce, "Kin fi masu irin sani? Abin da Baba yab bari ba a canza shi."

Na yi bayani har na gaji. Inna tana takaba, tana jinmu. Sai ta miƙe, ta kai buhun ɗakinta, ta kulle.

Ta ce, "Ubanku sama yaka dubi, ba takarda ba. In ruwan shuka ya sauka, ku zo ku amsa."