Ɗankwalin da Na Bari a Kan Bagade

A gidanmu na Akurba, da an gama cin tuwo sai mu kewaye murhun Kaka da tiren agushi. Dokarta ɗaya ce: wanda bai ɓare agushi ba, ba shi da kunnen jin tatsuniya. Ni ce sarkin zumuɗi a cikin jikokinta, amma wata Alhamis da damina na zauna can bayan kowa, kaina ba ɗankwali.

Shekarata tara a lokacin, saura mako biyu mu fara karɓar Jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki da ake ba masu bi a cocinmu na Katolika. Sista mai koya mana addu'a a makaranta ta fara kai mu ƙaramin coci bayan an tashi, mu durƙusa a gaban Jikin Yesu, wato gurasar mai tsarki, wanda ake sakawa cikin wani abu mai ruwan zinariya da gilashi a tsakiya. Bibbiyu take jera mu, rabin awa kowa. Ta ja mana kunne sosai: ba a taɓa shi, kuma ba a barin sa shi kaɗai sai masu canji sun zo.

Ranar ni da Felisiya ne. Hadari ya haɗo, aka yi tsawa ɗaya, Felisiya ta kwashe takalmanta ta arce. Masu canji ba su zo ba. Na ja carbin rosari har sau uku, gwiwoyina suka mutu, rufin kwano ya fara yoyo daidai kan bagade, teburin da aka ɗora Jikin Yesu a kai. Da tsoro ya ci ƙarfina sai na kwance ɗankwalina, na hau bagaden, na lulluɓe Jikin Yesu kamar yadda Mama ke rufe jariri, na ruga gida cikin ruwa. Laifi biyu ke nan na aikata, ga kuma sunana Mama ta ɗinka a bakin ɗankwalin. Na san ba ni ba farar rigar Jibi a bana.

Kaka, wadda ta san ranar gadina ce a coci, ta dube ni sau ɗaya, ta gyara itace. 'Yar Eggon ce, a bakinta mace da namiji duk "kai" ne.

"Ga wata nan tafe, ku tare ta," in ji ta, yadda ta saba buɗe tatsuniya.

Wai a wani ƙauye wuta ɗaya ce tak, ana gadinta bi da bi, don in ta mutu ba mai sake cin dafaffe. Rannan gadi ya faɗo kan wata yarinya, ruwa ya sauko, manya duk suka maƙale a ɗaka. Yarinya ta jira har ta gaji, ta kife kasko a kan garwashin ta gudu. Da safe mai gari ya sa aka buga ganga, kowa ya fito, aka ce wanda ya kife kaskon nan ya matso.

"To, Agnes, in kai ne yarinyan, za ka fito?"

Agushin ya zube daga hannuna. Kafin in buɗe baki, fitilar babur ta haske tsakar gida. Katikis ne, malamin cocinmu, mutumin da ko Baba ke shakka, ya sauko da ɗankwalina a ninke.

"Sannu Kaka. Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, Malam," na faɗa, hawaye na zuba. "Ni na taɓa shi, ni na gudu."

"Ba a gaya maki ba a taɓawa ba?"

Kaka ba ta ko miƙe ba. "Katikis, zauna tukuna. Yaro na shekara tara kuka bar ma gadi, awa biyu, cikin tsawa. Manyan coci suna ina? Kai kana ina?"

Ya zauna a bakin murhu. Daga baya ya ce ruwa ne ya tsare shi a hanyar Adogi, da ya iso ya tarar zanen bagade ya jiƙe sharkaf, abin da na rufe kawai ruwa bai taɓa ba.

"Kar ki sake hawa bagade, kin ji? Amma Fada, shugaban cocinmu, ya ce da wannan ɗankwalin za ki zo ranar Jibi."

Da ya tafi, ƙanena ya dame ta sai ta faɗa ko wutar ta mutu. Ta ce barci take ji, kuma har ta rasu ba ta ƙarasa ba. Na girma kafin na gane cewa tatsuniyar ba ta da ƙarshe, a take ta ƙirƙiro ta tana kallon kaina, don in sami bakin faɗin gaskiya kafin a faɗe ta a kaina.

Yau ni ke kai 'yan ajina gaban Jikin Yesu. Ina koya masu dokokin nan biyu yadda aka koya mini, ban rage komai ba. Sai dai in na jera su bibbiyu, nakan koma bencin baya in zauna, kuma ba na tashi sai yaro na ƙarshe ya fita.