Ranar da Alhaji Ya Ci Abinci Cikin Mutane a Dubai

Daga Kano

Ba a yi kiran assalatu ba muka kulle gida. Sule, ƙanin maigidana, shi ya kai mu filin jirgi. Alhaji na gaban mota, babbar rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Tun bara da aka yi masa aiki aka yanke fiye da rabin tumbinsa, ba ya iya wuce 'yan lomomi a zama ɗaya. Likita ya ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Shi kuwa mutumin da a da ba ya cin tuwo sai da baƙi, ya ɗauki abin a matsayin abin kunya. Ya daina cin abinci a gaban kowa, har ni. Sai in ajiye masa a ɗaki in fita, in dawo in tarar da kwano yadda na bar shi.

'Yarmu Hafsa, wadda ke aikin jinya a Dubai, ita ta shirya mana ganin likita a can. A jirgi Alhaji ya mayar da abincin da aka kawo. A Addis Ababa, inda muka sauya jirgi, shayi kawai ya kurɓa, shi ma sai da ya juya mini baya.

Deira

Muna fitowa daga wurin duba fasfo muka hango Hafsa tana ɗago hannu. Ta rungume ni, ta durƙusa ta gaida mahaifinta, amma na ga yadda idonta ya tsaya a wuyansa.

Ta kama mana ɗaki a wani otal a Deira, unguwar da ko ta ina Hausa kake ji, 'yan kasuwarmu na cinikin kayan da za su auno gida kamar a Kantin Kwari. Wani tsohon abokin Alhaji ya gan shi a ƙofa, ya rantse sai mun je ya saya mana shinkafa da naman rago. Alhaji ya ce a ƙoshe yake.

Washegari likita ya duba komai ya ce ciwo bai dawo ba. Na yi hamdala. Sai ya ɗora da cewa nauyin Alhaji ya ragu ƙwarai, in aka ci gaba a haka sai dai a kwantar da shi a riƙa ba shi abinci ta roba. Muka shiga tasi muka koma otal.

Gidan abinci

Ranar Laraba Hafsa ta zo bayan magariba.

"Abba, yalla, fita za mu yi. Na kama mana kujera a wani gidan abinci."

"Ku je ke da uwarki."

"Khalas, magana ta ƙare, an riga an rubuta mutum uku. Ko ba za ka ci ba, zo ka raka mu."

Ba ya iya yi wa Hafsa musu. Muka hau jirgin ƙasan nan da ba shi da direba, muka sauka tsakiyar dogayen gine-gine, lifta ta ɗauke mu can sama.

Wurin ba shi da girma. Wani dogon teburin katako ne ya zagaye inda ake girki, kana zaune kana kallon masu dafuwa cikin fararen kaya, babu hayaniya, babu ƙarar tukunya. Hafsa ta ce shugabansu mutumin Japan ne da ya koyi girki a Italiya, shi ne yake haɗa abincin ƙasashen biyu. Ba ka zaɓar abin da za ka ci, su ke kawowa bi da bi. Ta riga ta gaya musu ban da giya, ban da alade, kuma kifin Abbanta a dafa shi, kada a ba shi ɗanye.

Wata yarinya 'yar Filifin ta ajiye mana faranti na farko. Yankan kifi ne guda, siriri har kana ganin farantin ta cikinsa, da ɗigon man zaitun da ruwan wani lemon tsami mai ƙamshi. Alhaji ya dubi nasa da aka ɗan dafa masa, ya dubi na maƙwabcinsa, wani ƙaton Basudane da kujera ta yi masa kaɗan.

"Hafsa, shi ma wannan bawan Allah iyakar abin da za a ba shi ke nan?"

"Kowa haka, Abba."

Sai na ji abin da na daɗe ban ji ba, Alhaji ya yi dariya. Ya yi bisimilla ya ɗauka. Ni kuwa na kafa ido a farantina, ina tsoron in kalle shi ya fasa.

Aka kawo ƙwai da aka turara a ɗan kofi, mai laushi kamar kindirmo, an barbaɗa masa cukun Italiya. Aka kawo taliyar da muka ga an murza a gabanmu, an naɗe ta dunƙule ɗaya, da romon busasshen kifi. Wadda ta fi burge ni shinkafa ce mai danƙo, cokali biyu ba ta kai uku ba, an dafa ta da wani abu da suke yi da waken suya, ɗanɗanonsa ya yi kusa da daddawa. Shekara talatin ina girki, ban taɓa sanin ɗan abu haka zai cika baki ba. Tsakanin faranti da faranti kuma sai a bar ka ka huta.

Da aka zo kan nama, Alhaji ya ajiye cokali. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ɗauka yanzu zai ce mu tashi. Yarinyar ta matso, Hafsa ta yi mata magana a hankali. Ba ta tambayi abin da ya faru ba, ba ta yi fuskar tausayi ba. Ta ɗauke farantin, ta kawo masa ruwan ɗumi, ta ce babu gaggawa.

Basudanen ya dubi naman da aka ɗauke, ya ce da Larabci ai da an miƙo masa. Alhaji ya mayar masa da ɗan Larabcinsa na aikin hajji cewa ya makara. Daga nan hira ta ɓarke, har Alhaji na gaya masa da bakinsa an yanke masa tumbi. Faranti biyu suka wuce shi. Da aka kawo na ƙarshe, wani zaƙi mai laushi da aka barbaɗa wa garin koren shayi, ya ce a ba shi nasa. Ya ci rabi.

Da za mu fita shugaban masu girkin ya rako mu ƙofa ya rusuna. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Mutumin bai ji Hausa ba, amma ya sake rusunawa. A cikin lifta Hafsa ta juya fuskarta bango tana share ido.

Komawa gida

Kwanakin da suka rage, Alhaji da kansa yake cewa lokacin cinsa ya yi. Ranar Lahadi muka sauka Kano da la'asar, Sule na jiranmu. Mun ɗan yi nisa sai Alhaji ya ce ya tsaya wurin wani mai tsire.

"Yaya, kai za ka ci?"

"Tsinke ɗaya, ban da yaji."

Nan bakin titi, mutane na wucewa suna gaishe shi, ya tauna yanka biyu a tsanake, ya miƙa wa Sule sauran.

"Ƙarasa. Ni nawa ya isa, sai an jima kuma."

Mun isa gida ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Hafsa kuma, Allah ya ba ta masu yi mata.