Fumfunar Gyaɗa da Alluran Tibi

Assalamu alaikum. Na fi shekara arba'in ban ba kowa labarin nan ba. Jiya na ga hoton ɗalibai suna buɗe farantan fumfuna ba takunkumi, raina ya ɓaci, na ce yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Zamanin da kuɗin fetur ke malala, ni ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a nan Wudil. Aikina in bi gonakin Kausani in kwaso ganye, ƙasa da ruɓaɓɓiyar gyaɗa, in zuba a farantan gilashi har fumfuna ta tsiro, koriya da baƙa. Ɗalibai su duba a madubin ƙwayoyin cuta, ni in kankare in wanke.

An kawo mana kaya akwati-akwati, har da takunkumi da safar hannu, aka garƙame a sito. Da na roƙa, mai makullin ya ce, "Na ranar zuwan baƙi ne, Malam Sabo."

Sai tari ya kama ni. Ƙirjina ya riƙa fito, kaki mai kauri ruwan ƙasa, na rame kamar kara.

A wani asibiti a Kano aka ɗauki hoton ƙirjina. Likita ya ɗaga hoton, ko kallona bai yi ba, ya ce tibi ne, wato tarin fuka. An gwada kakina sau uku ba a ga tibi ba, amma aka sa ni layin allura kullum da safe. Magani kyauta ne, kuɗin mota kuwa ya ci akuyoyin Inna biyu. A gida aka ware mini kofi da kwano. Wallahi na tsorata, na sa ran mutuwa.

Wata Asabar na lallaɓa wurin aiki, na shafa kakina a gilashi na duba. Na ga zare-zare masu rassa, sak na fumfunar gyaɗa da nake nuna wa ɗalibai.

Na kai wa likitan gilashin. Ya yi dariya.

"Kai likita ne ko mai wankin kwalba? Je ka bi layi."

Na bi layin, don a lokacin wa ya isa ya ja da likita? Sati biyar aka ƙara ana tsira mini allurar ciwon da ba ni da shi. Kunnena ya fara shuuu, ina tafiya ina tangaɗi. Rannan Inna ta dafa ni ta ce, "Sabo, tun ɗazu nake kiranka, ni ka mayar banza?" Ban ji ta ba.

Allah da ikonsa aka sauya likita. Sabuwar, wata dattijuwa, ta fara da cewa, "Malam, wane aiki kake yi?" Wata uku ina zarya, ba wanda ya taɓa tambaya! Ta duba gilashin da kanta, ta ce fumfuna ce a huhuna ba tibi ba, allurar kuma ita ke kashe mini kunne, ta tsayar da ita nan take, ta ba ni ƙwayoyi, ta hana ni shiga ɗakin nan. Kafin kaka numfashina ya dawo.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa likitar nan, Ya ji ƙan Inna.

Ɗalibai, kada ku buɗe farantin fumfuna ba takunkumi, ku ƙi aikin in an hana ku. In kun je asibiti ku faɗi sana'arku ko ba a tambaya ba, in aka raina ku ku nemi wani likitan, kada ku yi irin haƙurina.

In kun gan ni a kasuwa, ku yi mini sallama ta dama. Kunnen hagun tun lokacin bai ƙara jin muryar kowa ba.